Kafinta a Minnesota na son zuba kuɗin adashensa a gyaran rumfar kamun kifi ta kan ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne, ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, ina aiki a wani kamfanin haɗa kabad ɗin kicin. Mutanen nan idan sanyi ya daskarar da tafkuna sai su hau ƙanƙarar, su huda rami su jefa fatsa, suna zaune cikin wata 'yar rumfar tamfol da ke haɗe da bahon roba wanda ake ja a ƙasa. Bara wani abokin aikina ya roƙe ni na yi wa cikin bahonsa benci da aljihuna da fitila, abokansa biyu suka gani su ma suka kawo nasu. Yanzu na kwashi adashe, dala 6,000. Ina tunanin in sayi tsofaffin bahuna goma in gyara in sayar, ko ma in ci bashin banki in kama shago. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa wa sana'a albarka. Kasuwar da ka hango tana nan, amma ban goyi bayan sayen baho goma ba, balle bashin banki. Riƙe aikinka na kamfani, ka yi wannan a gareji da yamma da ƙarshen mako, kuma a kan bahon da mai shi ya kawo da hannunsa.

Jihar da kake tana da tafkuna 11,842, ga manya irin su Mille Lacs da Lake of the Woods da Upper Red Lake waɗanda ke cika da masu fatsa duk hunturu. Masu ƙera rumfunan ma maƙwabtanka ne: kamfanin Clam a garin Rogers yake, kamfanin Otter a garin Maple Lake, kamfanin Eskimo kuma a jihar Wisconsin mai maƙwabtaka. Abin da suke sayarwa baho ne da kujera da tamfol, ciki fayau. Mai shi ya jibga injin huda ƙanƙara da sandunan fatsa da hita da tukunyar gas da batir, ya ja a kan ƙanƙara mai gargada, kafin ya isa komai ya hautsine. A cikin kayan nan akwai na'urar hango kifi, kuma irin su LiveScope ta Garmin sau da yawa sun fi rumfar kanta tsada. Wanda ya kashe wannan kuɗi ba zai ji ƙyashin biyanka ka yi wa na'urar mazauni mai soso ba.

Matsalar ita ce lokaci. Ƙanƙara mai ɗaukar mutum takan samu ne daga Disamba, zuwa Maris hukuma ta ce a kwashe rumfuna daga kan tafki. Cinikinka kuwa bai kai haka tsawo ba, don ba a fafe gora ranar tafiya: daga Oktoba zuwa farkon Disamba mutane ke shiri, lokacin baje kolin kayan kamun kifi na birnin St. Paul. Wanda bai kawo maka aiki kafin Janairu ba yana kan tafki, ba zai bar maka bahonsa mako guda ba. Sannan shekara ba ta da tabbas. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar, ƙanƙara ta yi jinkiri, har a ƙarshen Disambar 2023 sai da aka ceto mutum 122 da ƙanƙara ta ɓalle da su a Upper Red Lake. Da a ce a shekarar ka kwantar da jarinka a baho goma, da ka kai shekara kana kallonsu sun cika maka gareji. Ka tuna kuma a ƙarshen kakar manyan shaguna kan karya farashin sababbi, sai tsohon da ka gyara ya tsaya yana gogayya da sabo mai garanti.

In dai za ka sayi baho, sayi guda biyu a Maris ko Afrilu lokacin da masu shi ke neman rabuwa da shi. Ɗaya ka yi masa aikin da ya fi kowanne kyau ya zama samfurin nunawa, ɗayan ka riƙa gwaji a kai.

Yanzu ga inda kafintocin kabad suka fi yin tuntuɓe, wato nauyi. Hannunka ya saba da filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wanda falle guda ya kusa kilo 30. A kicin wannan inganci ne. A kan tafki kuwa azaba ce ga wanda zai ja da igiya cikin dusar ƙanƙara, sannan ya ɗaga shi kaɗai ya sa a bayan a-kori-kura da magariba yatsunsa sun ƙage. A farkon kaka, da kaurin ƙanƙara ya kai inci 4 hukumar albarkatun jihar ta ce mai tafiya a ƙafa na iya hawa, babur ɗin ƙanƙara kuwa sai inci 5 zuwa 7. Ke nan masu sammakon farkon kaka da ƙarfinsu suke ja. Don haka tambayar farko ga duk wanda ya kawo aiki ita ce: da me kake ja, kuma a wace mota kake ɗauka? Mai ja da babur ya jure nauyi amma yana buƙatar ƙarfi, don gudu a kan gargada yana kwance kusoshi. Mai ja da hannu a yi masa da filawud na rabin inci ko ƙasa da haka, da ƙarfen alminiyam a kusurwoyi. Ka ajiye sikeli a gareji, ka auna baho kafin aiki da bayan aiki, ka rubuta lambar a rasit. Ba kowane mai wannan sana'a ke yin haka ba, kuma shi kaɗai ya isa ya sa a riƙa ba da labarinka.

Robar bahon ba ta shan gam, komai tsadarsa. Bol da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa za ka yi amfani da su, da washa mai faɗi, kuma a gefe daga sama, kada ka huda gindin da ke gogar ƙanƙara. Ni dai na fi son akwatin da ake cirewa gaba ɗaya, don mai shi ya iya juye ruwa ya busar. Kafet yana da kyau a hoto amma yana shan ruwa ya daskare, ƙugiya kuma ta maƙale a ciki. Shimfiɗar roba ta fi. Kafin ka ɗaura komai, ninke rumfar ka ga sandunanta sun kwanta yadda suka saba, murfin da ake rufe bahon da shi lokacin tafiya ya rufu. Inci ɗaya da bencinka ya ɗara sai ka sake aikin daga farko a aljihunka.

Ribar wannan sana'a tana cikin awo ne. Kowane baho da irin lanƙwasarsa, kuma aunawa da yanka kwali da gwadawa su ke cinye yini. Zaɓi samfuri biyu ko uku da ka ga sun fi yawa a unguwarku, ka fitar musu da ma'auni na dindindin, ka yanka gutsattsarin tun damina lokacin da ba kowa. Duk wanda ya kawo wani baƙon samfuri, kuɗinsa daban.

Ga misalin lissafi, ka sa naka alƙaluman a ciki. A ce kayan aiki dala 140, aikinka awa shida a kan dala 30 ya zama 180, lalacewar zarto da wuta da fetur dala 30. Dala 350 ke nan kafin ka ɗora riba ko sisi. In ka karɓi 250 don kunyar abokin aiki, kana biyan kuɗi ne ka yi wa mutum aiki. Mutanen jihar nan da yawa suna da gareji da kayan aiki, su kan yi nasu da kansu. Ba su ne masu sayenka ba, kada ka karya farashi don su. Naka shi ne wanda ke da kuɗi ba shi da lokaci. Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, da shi za ka sayi kayan, sauran kuma kafin baho ya bar gareji.

Gas kuwa, kada ka taɓa shi. Ba ka ja tiyo, ba ka gyara hita, ba ka rufe tukunyar gas cikin akwati marar ƙofar iska, don wannan gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasan bahon yake taruwa. Kada aikinka ya toshe kafofin iska na tamfol, domin hita a rufaffen wuri na tara iskar guba ta kabon monoksaid wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a irin waɗannan rumfuna. Fitila da wurin cajin waya masu aiki da lantarkin batir mai bolt 12 kana iya yi, da sharaɗin fiyus dab da batir. Gaya wa mai batirin litiyam kada ya yi masa caji cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Tun 2023 dokar jihar ta hana ajiye shara a kan ƙanƙara sai cikin abin da ke killace ta, saboda haka ɗan gurbin bokitin shara abu ne mai arha da zai ƙara wa aikinka daraja. Huda baho na iya ɓata garantin kamfani, don haka mai shi ya sa hannu a takarda cewa ya yarda.

Fara da tabbatar da cewa takardun zamanka sun ba ka damar yin sana'ar kanka, ba aikin kamfani kaɗai ba. Rajistar LLC, wato kamfanin da ke raba bashin sana'a da dukiyarka ta kanka, a jihar dala 155 ce ta intanet, amma ba ta maye gurbin inshora, wadda a ganina ta fi ta muhimmanci ga mai sayar da abin da ke zama kusa da wuta. Harajin ciniki na jihar kashi 6.875 ne cikin ɗari, banda na ƙaramar hukuma, kuma yana hawa kan ladan ƙera sabon abu. Akwai kuma harajin mai aikin kansa na tarayya, kashi 15.3. Buɗe asusu daban, duk kuɗin da ya shigo ka ware rubu'insa. In gidan haya kake, tambayi mai gida kafin maƙwabta su kai ƙarar ƙarar zarto.

Daga dala 6,000 ɗin, kada abin da zai fita a shekarar farko ya wuce 2,500, har da bahuna biyun da rajista da inshora da kayan aiki. Sauran ya zauna. Maganar shago a ɗage ta sai ka yi hunturu biyu kana mayar da aiki don ya fi ƙarfinka, kuma ka samo abin da zai riƙe hayar daga Afrilu zuwa Satumba. Mafi kusa shi ne ƙananan jiragen ruwa na alminiyam, don waɗannan mutanen dai su ne ke hawa tafkin idan ƙanƙara ta narke, kuma jiragensu ma suna buƙatar daɓe da akwatuna. Duk wanda ya zo karɓar bahonsa, tambaye shi ko yana da jirgi.