Aligeta a ruwan gishiri: ko zan iya shiga fadamar Galveston da kwalekwale?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Houston, jihar Teksas ta Amurka. Abokaina sun matsa mu je fadamun Galveston mu yi tuƙi da ƙaramin kwalekwalen nan na mutum ɗaya da ake kira kayak. Da na kawo zancen kada sai suka yi mini dariya, wai kadan nan ƙasar, aligeta, ba ya shiga ruwan gishiri. Gaskiya ne? In kuma na yi kiciɓis da shi, yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya, rabin da suka bari kuwa shi ne wanda ya shafe ka.

Gaskiya ne aligeta ɗan ruwan daɗi ne. Kadoji da yawa, har da irin na kogunanmu na gida, suna da wasu 'yan ƙulli a harshe masu fitar da gishirin da ya yi wa jiki yawa. Na aligeta ba sa wannan aikin, saboda haka in ya daɗe a teku ruwan jikinsa ƙarewa yake yi. Amma kasa zama daban, kasa shiga daban. Babban aligeta yana yin sa'o'i, wani lokacin 'yan kwanaki, a ruwan gishiri, ya ci ya ƙoshi, ya koma tafkinsa ya sha ruwa. A tsibirin Sapelo na jihar Jojiya wani masani, James Nifong, ya bi sawunsu ya ga yadda suke fita fadamar gishiri cin ƙaguwa. A 2017 shi da abokin aikinsa suka wallafa shaidar cewa har ƙananan kifayen shak da kunamar ruwa, wato kifin nan mai faɗi mai ƙari a wutsiya, suna kamawa. Wanda ke cin shak ai ba za a ce bai san hanyar teku ba.

Sannan ruwan da za ku shiga ba teku ba ne tsantsa. Kogin Trinity da na San Jacinto duk a mashigin Galveston suke zuba, don haka ruwan gauraye ne, kuma gishirinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In an tafka ruwan sama na kwana biyu ko uku, gishirin ya tsinke, aligeta sai ya ƙara gangarowa har inda ba a saba ganinsa ba. Garin Anahuac da ke gefen wannan mashigin, kirarin da ake yi masa shi ne babban birnin aligeta na Teksas. Ka tuna wa abokanka wannan.

To, ya kamata ka fasa? A ganina a'a. Fulorida tana da aligeta kimanin miliyan 1.3, mutane kuma kullum suna cikin ruwa, amma daga 1948 zuwa 2024 waɗanda hukumar namun dajin jihar ta ƙirga ya kashe ba su kai 30 ba. Ba irin kadan kogin Nilu ba ne da ke kwanton ɓauna a mashaya. Shi dai bai ɗauki kwalekwale abinci ba. Abin da ka fi saurin gani shi ne wani abu baƙi kamar kututture, ido biyu da ƙarshen hanci a saman ruwa. Kana matsowa ya nutse a hankali, ko kumfa babu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: tsawon da ke tsakanin idonsa da hancinsa, kowane inci ɗaya kusan ƙafa ɗaya ce ta tsawon jikinsa. In ka ga tazarar ta kai tsawon tafin hannunka har da yatsu, wannan ba yaro ba ne.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne 'yan ƙananan magudanai masu lanƙwasa a cikin ciyawa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. A buɗaɗɗen ruwa yana hango ka daga nesa ya kauce. A lungu kuwa kana shan kwana sai ga shi kwance bisa laka yana shan rana, ya razana, ya zabura ya faɗa ruwa. Mutane da yawa sukan ce ya kawo musu hari, alhali gudu yake yi, sai dai ruwa mai zurfin da yake nema ƙarƙashin kwalekwalenka yake. A watan Mayun 2025, a bakin rafin Tiger kusa da tafkin Kissimmee a Fulorida, wasu miji da mata suka bi ta kan wani babban aligeta a ruwan da bai kai mita ɗaya ba. Ya yi wutsil-wutsil ya kifar da su, matar ta rasa ranta. Ruwan daɗi ne can, amma ƙarancin zurfin da rashin ganin juna iri ɗaya ne da na lungunan fadama. Saboda haka kafin ka sha kwana, ƙwanƙwasa filafili a jikin kwalekwale ya ji zuwanka. In ka gan shi a gaɓa, kada ka ratsa tsakaninsa da ruwa mai zurfi. Ka bar tazarar mita 10 ko fiye, in hanya ta yi ƙunci ka koma da baya, babu abin kunya. In ya buɗe baki yana huci, ka riga ka matso fiye da kima.

Lokaci ma yana da nasa. Suna barbara a Mayu da Yuni, macen ta tara ciyawa da laka tuli guda ta yi ƙwai wajen 30 zuwa 50 a ciki, su ƙyanƙyashe daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. In ka ga irin wannan tulin, ko ka ji 'yan ƙanana masu ratsin rawaya suna ɗan kuka, uwar tana kusa ko ba ka gan ta ba. Hoton nan ka haƙura da shi. Sun fi farauta daga magariba zuwa asuba, kuma in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 21 a ma'aunin Celsius sukan daina cin abinci. Fitarku ta farko, da ni ne, da hantsi zan yi ta, a watan Nuwamba ko Maris.

Wanda ni na fi tsoro shi ne wanda aka saba ba abinci. A wurin sauke kwalekwale masunta kan gyara kifi su watsa kai da hanji cikin ruwa, aligetan wurin ya koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake. Shi ya sa ciyar da su laifi ne a Teksas da Fulorida. In ka ga wani ya nufo ka kai tsaye maimakon ya nutse, fita daga wurin ka sanar da ma'aikatan namun daji. Kada ka ɗaure kifin da ka kama a igiya yana reto a gefen kwalekwale, kada ka sa hannu ko ƙafa kana wasa da ruwa, in kuma wani abokinka zai zo da kare ka ce ya bar shi gida, domin girmansa daidai da abin da aligeta ya saba kamawa.

In ƙaddara ta sa ka kife, kada ka tsaya fantsama ruwa, hau kwalekwalen ko ka nufi tudu. In ya kama ka, ka yi ta dukan hancinsa da tsokane masa ido, sau da yawa yakan saki. Ko ƙarami ne cizon, asibiti za ka wuce, bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta.

Ka sa rigar ceto mai hana nutsewa tun daga tudu, da takalmi mai kauri saboda ɓawon kumba da ke yanka kamar reza. Ka kuma duba hasashen iska da lokacin janyewar ruwa kafin ku fita, don a fadamun Galveston ruwa kan janye ya bar mutum tsakiyar laka da kwalekwalensa, ya yi ta jiran dawowarsa sauro na cinsa.