Abin da ke tara mu a Nima ranar Lahadi

'Yata, kin tambaye ni me ya sa mu mutanen zango, wato unguwannin baƙi irin tamu Nima a Akra, ba mu da zance sai na ƙungiya, kuma ko gwamnatin Gana ce ke biyan samarin nan masu yashe kwata da na turo miki hotonsu. Ko sisi ba mai ba su. Sai kin san yadda muka zauna a ƙasar nan kafin abin ya shige miki.

Ku a Kano, in aka yi rasuwa, kafin a gama wanka dangi sun cika gida, maƙabartar ma kakanninku ne kwance a ciki. Mu nan Akra ƙasar mutanen Ga ce, Kumasi ta Asante. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar Gwanja neman goro, da yaƙi ya ci Salaga a 1892 suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Akwai kuma waɗanda aikin soja na Turawa ya kawo. Mutum ya iso shi kaɗai, ba gona, ba gandu, ba baffa, ba kawu. Wanda ya sauke shi ya ba shi ɗaki shi ne uba, maƙwabci shi ne ɗan'uwa. A haka Malam Baƙo ya nemi fili wurin masu ƙasa ya kafa Sabon Zango, Malam Futa kuma ya kafa Nima. Aikin da dangi ke yi muku, mu ƙungiya ce ke yi mana, har gobe.

Kada ki ɗauka Hausawa ne zalla. Akwai Zabarmawa, Mosi, Wangara, Kotokoli, Fulani, Yarbawa, Dagwamba, kowace ƙabila da sarkinta, amma in an haɗu Hausa ake yi. Rikicin haya ko na aure, gaban sarki ko liman ake fara kai shi, ofishin 'yan sanda sai abu ya gagara. Iyayenmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Gidaje da rumfuna aka bari a hannun maƙwabta, waɗanda suka rage kuwa suka ƙara riƙe juna.

A ƙungiyarmu ta mata ranar Lahadi bayan la'asar muke zama, a tsakar gidan wadda layi ya zo kanta. A jera benci, Magajiya ta buɗe da addu'a, sakatariya ta ɗauko littafi tana kiran suna, kowa ta miƙa kuɗin mako. Wadda ta makara akwai tara, wadda ta yi tafiya ta turo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Sai ma'aji ta faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, kuma in sidi ɗaya, kuɗinmu na Gana, ya ɓace ba a tashi sai an gano inda ya maƙale. Muna da manyan tukwane, kujeru da rumfuna na ƙungiya. 'Yar ƙungiya in tana da suna ko aure ko sadakar rasuwa kyauta take ɗauka, na waje su biya haya, kuɗin ya koma asusu. Ranar hidima tun asuba za ki gan mu a bakin murhu, wasu na tuƙa tuwo, wasu na kan wake da shinkafa, mai hidimar ba ta taɓa ko ludayi.

Abin da ba na so a cikinmu shi ne yayi, atamfar da ake fitarwa kowa ya ɗinka iri ɗaya. Biki uku a wata, zane uku, mace mai sayar da koko ta ci bashi don kada a ce ba ta yi ba. Na sha faɗa a zama cewa a rage, har yanzu ban samu rinjaye ba. Amma littafin nan dai shi ya biya kuɗin asibitin wata 'yar'uwarmu da aka yi wa aiki, shi ya riƙe 'ya'yanta a makaranta har ta miƙe.

Samarin kuwa majalisun shayi gare su, ana ce musu bes, kusan kowane lungu da tasa. Mutanen gari suna yi musu kallon 'yan zaman banza, kuma gaskiya akwai ɓata-gari a wasu. Sai dai in aka yi sanarwar rasuwa a lasifikar masallaci, su ne ke riga kowa zuwa maƙabartar Awudome da diga da shebur, ko mamacin baƙo ne da ba a san danginsa ba. Su ne kuma masu kwata. Akwai babbar kwata tsakanin Nima da Maamobi, ƙananan duk cikinta suke zuba, in suka toshe ruwa ɗakunanmu yake shiga. Bayan kwalarar 2014 gwamnati ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata don tsaftace gari, ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015, da suka ci rai sama da ɗari a Akra, suka ƙara tsorata kowa. Yau ko hukuma ta yi shela ko ba ta yi ba, kafin damina yaran nan sai sun shiga. Za ki ga yaro cikin baƙin taɓo har gwiwa, ya ɗaura leda a hannu don babu safar hannu, yana tsamo ledojin ruwa da robobi yana jefawa a baro, tsofaffi na aiko musu da koko da ƙosai. Abin takaici, sau da yawa motar shara ba ta zuwa a kan lokaci, ruwan sama ya mayar da tulin inda aka ciro shi.

Ba wai babu hannun hukuma sam ba. Muna zaɓen wakilin unguwa a majalisar gunduma, shi ke neman mana baro da mota, kuma a 2017 an kafa asusun raya zanguna. Amma kuɗin siyasa shi ya fi ɓata bes-bes ɗin nan, zaɓe na ƙaratowa sai ki ga abokai sun rabu saboda riga da 'yan sidi. Nan ne girman Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ke mana amfani, don in ya ce a zauna lafiya ana ji.

Yanzu 'ya'yanmu da yawa suna Amurka, Jamus da Italiya. Sun buɗe zaure a WhatsApp, in aka sanar da mara lafiya ko gyaran makarantar allo kafin dare kuɗi sun taru. Kuɗi kam ya ƙaru, masu shiga kwata da haƙa kabari ne ke raguwa, wannan shi ke damuna. Bana mun haɗa kai da ƙungiyar maza ta masallacinmu muna tara na motar ɗaukar gawa, don hayarta ta fi ƙarfin talaka, su kuma 'ya'yanmu na ƙasashen waje sun yi alkawarin cika abin da ya rage.