Muryar amsa: kafin alƙalami da masu jan ƙafa wajen biya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, ba zan iya zaman rubuta ta ba. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya da daddare, wadda ta ce ta kai yara huɗu sun goge gidan amarya a Rijiyar Zaki, yau sati uku ke nan uwar amarya sai "in sha Allahu gobe" take ce mata, kuma tana jin nauyin neman kafin alƙalami kada a ce ta raina mutane. To ƙanwata, da ke nake.

Ki fara gane irin sana'ar da kike ciki. Tela in ya gama ɗinki, kaya suna shagonsa, ba a biya ba ba za a ɗauka ba. Bakanike makullin mota na aljihunsa. Mu kuwa me muke riƙewa? Da zarar tayil ya ɗau ƙyalli, banɗaki ya yi fes, shi ke nan, aikinki ya zama nasu. Ba za ki kwaso ƙurar ki mayar musu ba. Ƙarfinki duka yana kafin a sa tsintsiya a ƙasa, in wannan lokacin ya wuce sai roƙo.

Kuma kafin alƙalami ba zargi ba ne, kuɗin aiki ne. Lissafa mana. Omo, Hypo, Izal, Harpic, soson ƙarfe, duk sai kin shiga kasuwar Singa ko ta Sabon Gari kin sayo, kuma can babu mai ba ki bashi. A Daidaita Sahu biyu, zuwa da dawowa, da bokitai da tsani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar ƙaramin aiki. In gidan babu wuta, ga man janareta saboda injin wanke kujeru. Sannan yaran nan, ranar da suka yi aiki ranar za ki sallame su, don hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In ba ki karɓi komai ba, kin ga ke ce kika ranta wa Hajiya kuɗin gyaran gidan 'yarta, alhali ta fi ki kuɗi.

Ni tsarina, a ce aikin naira dubu 80 ne, sai an turo dubu 50 sannan na rubuta ranar a littafina. Sabon gini kuwa, wanda magina suka bar siminti da fenti a kan tayil, har kashi 70 cikin 100 nake karɓa, don yana cin kaya yana cin kwanaki. Cikon kuma ba a gida nake jiransa ba. Muna shiga ɗaki na ƙarshe nake kiran mai gida ta zo ta zagaya, in akwai gyara a yi a gabanta, ta biya kafin mu ɗaure kayanmu.

Gidan amarya ma dai, ki ji tsoronsa. Ba wai mutanen banza ba ne, a'a, lokaci ne. Kafin jere akwai kuɗi a hannun uwar amarya. Bayan biki kuwa kowa ya tsiyace, ga mai kujeru yana bi, ga mai atamfar anko yana bi. Kin taɓa jin wanda ya kama wurin taro bashi? Mai kwalliya fa, tana taɓa fuskar amarya ba ta ga alat ba? Mai abinci haka. To don me mai goge-goge ce kaɗai za ta jira? Saboda ana ganin aikinmu kamar taimako ne na cikin gida. Mu ne za mu nuna cewa sana'a ce.

Yadda ake faɗa shi ne sirrin. Kada ki ce "Hajiya ko za ki ɗan taimaka da wani abu?" Kin mayar da haƙƙinki bara. Cewa za ki yi: "Hajiya, aikin dubu kaza ne. Tsarinmu ana ba da kaza na sayen kayan aiki, da ya shigo sai mu riƙe miki ranar Asabar." Ki faɗa da fara'a, sannan ki yi shiru. Kalmar "tsarinmu" ɗin nan tana aiki, ko ke kaɗai ce da ƙannenki biyu. Wadda ta yi fushi a kan haka ta tafi, wallahi ki gode wa Allah, ita ce da za ki yi wata uku kina bi.

Bayan kun gama magana ta baki, ki rubuta a WhatsApp: ɗakuna nawa, da tagogi ko babu, da tsakar gida ko babu, nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a cika. Ta amsa da "na amince", ko da murya ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to wa zai ce kin yi rashin kunya? Ki ɗauki hoton wuri kafin aiki da bayansa, don mai neman ƙin biya da "ai ba a goge da kyau ba" take farawa. Yauwa, kuma kada ki yarda da hoton rasit ko saƙon tes. Buɗe OPay ɗinki ko Moniepoint ki ga kuɗin sun zauna da idonki. Alat na bogi ya taɓa cin wata da na sani.

Wani abu da ake yawan tambaya, in mutum ya bayar sannan ya fasa, za a cinye kuɗinsa? Na kai wa malaminmu na Islamiyya wannan, ya ce a mazhabar Malikiyya ba a yarda a cinye kafin alƙalami haka kawai don an fasa ciniki ba, Hambaliyya ne suka halatta. Don haka ni abin da na riga na kashe nake cirewa, in ba ta kayan da na sayo ko rasit ɗinsu, in mayar mata da saura, kuma tun farko nake faɗa mata haka. Ya kuma hana ni abin da na ga wasu na yi, wai duk satin da aka ƙara ba a biya ba sai a ɗora dubu 2. Ya ce ƙari a kan bashi riba ce, wato kuɗin ruwa. Sai na juya abin, wadda ta biya duka tun farko ita nake wa rangwame.

To yanzu kuɗinki da ke hannun uwar amarya. Masu jinkiri iri biyu ne. Akwai wadda da gaske babu, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma Allah ya ce a saurara wa mai ƙunci har ya samu. Akwai kuma wadda kina ganin ta a status ta yi sabon leshi, ita ce hadisi ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Ki daina kiran waya. Ki shirya ki je gidan da hantsi, ki gaishe ta, ki yi mata ya gajiyar biki, sannan ki ce: "Hajiya yaran nan da kuɗin adashena na sallame su. In duka ba zai samu ba, a raba uku, yau nawa zan tafi da shi?" Ki fito da wani abu a hannu ko dubu 10 ne, da ranar da za a ba da na gaba, rana mai suna, ba "ƙarshen wata" ba. In ta saɓa, ki koma wajen wadda ta haɗa ku, ita ma tana jin kunyar abin. Amma don Allah ban da habaici a status. Kwastomomin gobe suna kallo, kuma ba za su san wa ke da gaskiya ba.

Na ji wata ta ce a kai uwar amaryar wajen 'yan sanda. A'a. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, kuɗinki kawai za ki ƙara kashewa. In abin ya yi yawa, a nan Kano akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2019, ba sai da lauya ba, kuma sai an fara kai wa mutum takardar neman biya. Can ne saƙon "na amince" zai yi miki rana. Amma ki auna, kuɗin sun kai zirga-zirgar?

Ni nawa darasin a wani ofis na same shi, shara da goge-goge kullum, biya wata-wata. Wata na farko aka ce oga ya yi tafiya, na biyu aka ce takarda na wajen akanta, ni kuma ina ta tura yara don kada in rasa wurin. Sai da na bi su wata uku, 'yan kunnena na sayar na biya albashi. Yanzu kafin in karɓi ofis sai na san wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, takardata ta neman biya na shiga ranar 25, in 7 ga wata ta wuce shiru, yarana ba sa fita. Sau ɗaya kwandon shara zai kwana biyu a cike, za ki ga oga ya dawo daga tafiya.

'Yan'uwa na jini kuwa, ki zaɓa tun farko, ko kyauta ce ki yi don Allah, ko ciniki ne su bi tsari. Na tsakiyar nan ne ke ɓata zumunci.

Ƙanwata, rubuta saƙon da za ki riƙa tura wa kwastoma ki turo min ta gefe in duba miki. Bari in tashi, an fara kiran Magariba.