Amsa ga Alhaji kan wanda ya fi ɗaukar nauyin haraji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure, musamman Alhaji, wanda ya turo murya jiya da daddare yana cewa sabuwar dokar haraji ta zalunci masu hali, domin an yafe wa talaka, an ɗora wa mai kuɗi kashi 25 cikin ɗari, alhali shi ne yake ɗaukar ma'aikata, shi ne kuma yake riƙe da kasuwa. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka yi mini izini in saɓa maka a wannan magana.

Dokar da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, saboda haka wanda aka yafe wa shi ne wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Kashi 25 ɗin nan kuma ba a kan dukan abin da mutum ya samu ake cire shi ba, sai a kan abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara, kuma a tsohuwar doka ma matakin ƙarshe kashi 24 ne. Na yarda cewa an soke wani rangwame da ake yi a da, kuma mai babban albashi zai ji hakan a aljihunsa. Amma barin mai ƙaramin ƙarfi da abin da zai ci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ko zakka ba ta hawa kan dukiya sai ta kai nisabi.

Inda muka fi rabuwa da Alhaji shi ne cewar talaka ba ya biyan haraji. Duk wanda ya sa kati ko data a waya, ko ya sayi sabulu da man shafawa, ya biya harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. An cire abinci na yau da kullum da magani, wannan gaskiya ne, amma a sauran kaya farashi ɗaya ne ga mai gadi da mai gidan, sai dai mai gadi yana kashe dukan abin da ya samu, mai gidan kuwa yana ajiye mafi yawan nasa inda VAT ba ta taɓa shi. Ga kuma naira 50 da ake cirewa idan an tura kuɗi ta banki daga 10,000 zuwa sama. Matar da ta tura 10,000 ga ɗanta a makaranta da ɗan kasuwar da ya tura miliyan 10 duk naira 50 ce a kansu, wato a lissafi nauyin da ke kanta ya ninka nasa sau dubu.

Wannan ma shi ne wanda aka rubuta a doka. Ku je kasuwar Farin Gada a Jos da asuba ku ga abin da ba a rubuta ba. Mai tumatir zai biya kuɗin sauke kwando, ya biya kuɗin wurin zama, ya biya na shara, wani da rasit, wani babu, kuma ana karɓa tun kafin ya sayar da ko gwangwani ɗaya. Mai keke Napep a Terminus ko Bauchi Road yana yankar tikiti kullum, ko ya samu fasinja ko ruwan sama ya hana shi aiki. Direban da ya ɗauko dankali daga Bokkos ko Mangu zuwa Kudu yana tsayawa a shinge bayan shinge, kuma duk abin da ya miƙa ta taga yana komawa kan farashin buhu. Ba wanda yake tambayar waɗannan mutane ko sun kai 800,000 a shekara. Abin da ya fi ciwo shi ne, ba duka kuɗin ne suke isa baitulmali ba, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 1979 marigayi Abubakar Rimi a Kano da marigayi Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin da ake karɓa kan kowane baligi da jangali saboda sun ga kan talaka suke faɗawa, sai ga shi abin ya dawo cikin rigar tikiti.

Shi kuma mai dukiya ta gaske, ba albashi yake ci ba, balle a cire tun kafin ya shiga asusunsa, kamar yadda ake yi wa malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya. Dukiyarsa tana cikin filaye da gidajen haya da hannun jari, kuma yana da akanta da lauya da za su nuna masa kowace ƙofa. A watan Maris na 2025 hukumomin Abuja sun sanar da soke takardun filaye sama da 4,000 a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse, saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya harajin fili ba. Mai shayi a Katako da ya yi kwana biyu bai yanki tikiti ba, ba zai tarar da teburinsa a rana ta uku ba.

Saboda haka, Alhaji, ƙorafin da zan goyi bayanka a kai shi ne na mai masana'antar da yake biya da gaskiya, sannan ya sayi dizal, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya biya masu gadi, duk daga aljihunsa. Wannan yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa suka tafi, kuma tambayar ɗaya ce da ta mai tumatir. Ina roƙon 'yan zaure da suke da shago ko keke su turo hoton duk rasit ɗin da aka yankar musu a wannan wata, mu tara mu lissafa, mu gani ko ya kai kashi nawa na ribarsu. Na gode, wassalamu alaikum.