Littafin da aka haɗa bayan rasuwar Douglas Adams: ka riƙe shi, amma kada ka fara da shi

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci The Salmon of Doubt na Douglas Adams a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ba ka taɓa karanta komai nasa ba, kana tambaya ko ka fara da shi tunda ka ji ana cewa mutumin gwanin barkwanci ne. Ka kuma ce ranka bai kwanta ba da ka ga an buga littafin bayan ya mutu, daga abin da aka kwaso a kwamfutocinsa, kana son jin ko hakan ya dace. Na daɗe ina karanta mutumin nan, don haka ka yi haƙuri da ni, zan ɗan ja zancen.

Ka yi sa'ar tsintuwa, kada ka mayar. Amma ka ajiye shi tukuna. Wannan littafi ba don baƙo aka haɗa shi ba. An haɗa shi ne don mutanen da suka shekara ashirin suna dariya da Adams, rana ɗaya suka wayi gari aka ce babu shi. Wanda ya fara da shi kamar wanda ya shiga zaman makokin mutumin da bai sani ba ne: zai ga ana ba da labarin mamaci, wannan na dariya, wancan na share hawaye, shi kuwa yana zaune bai san abin da ya sa ba.

Ga yadda abin ya faru. An haifi Adams a Cambridge ta Ingila a 1952. Sunansa ya fito ne ta rediyo, da wasan kwaikwayon The Hitchhiker's Guide to the Galaxy da BBC ta fara sakawa a watan Maris na 1978, sannan ya mai da shi littafi a 1979. Labarin wani Bature ne da aka rushe duniyarmu a kan idonsa don za a fitar da babbar hanya a sararin samaniya, ya tsira da rigar barci a jikinsa. Littattafai biyar ya rubuta a kan wannan labari, na ƙarshensu a 1992. Daga nan bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba. Shekara tara masu karatu suna jira, ana ta sanar da sabon littafi ana ɗagewa. Ranar 11 ga Mayu, 2001, zuciyarsa ta buga bayan ya gama motsa jiki a wani wurin atisaye a Kalifoniya ta Amurka. Shekarunsa 49, ya bar mata da 'ya ƙarama.

Ka ga ashe ba tsufa ba ne, ba kuma doguwar jinya da za ta sa mutane su shirya. Shi ya sa makokin ya zo da siffar da ya zo da ita. Mako biyu bayan mutuwarsa, ranar 25 ga Mayu, masoyansa suka fita da tawul a kafaɗa, saboda a cikin labarin nasa an ce babu abin da matafiyin sararin samaniya ya fi buƙata kamar tawul. Har yau ana yin wannan a duk 25 ga Mayu. Kabarinsa na maƙabartar Highgate a Landan, masu ziyara kuma biro suke ajiyewa a gabansa. Littafin da ke hannunka ya fito a watan Mayu na 2002, shekara guda cif, kuma cikin wannan yanayin aka karɓe shi.

To, me ke ciki? Da yardar matarsa aka kwaso fayiloli fiye da 2,000 daga kwamfutocinsa, editansa Peter Guzzardi ya zauna ya tace. Yawancin abin da ya zaɓa rubuce-rubucen jarida ne, da jawabai, da hirarraki, da wasiƙu, har da wasiƙar da ya aika wa wata mujallar yara yana ɗan shekara 12. Labarin da sunansa ke bangon littafin yana can ƙarshe, bai kai sulusin shafukan ba, kuma bai ƙare ba. Hasali ma ba daga rubutu guda aka ɗauko shi ba, editan ne ya harhaɗa babukan daga kwafi daban-daban da Adams ya bari.

A nan yawancin waɗanda na ba aron littafin suke tuntuɓe. Suna tsallake komai su nufi labarin ƙarshe, su dawo suna cewa an cuce su. Labarin Dirk Gently ne, wani mai binciken sirri da Adams ya riga ya yi littattafai biyu a kansa, a 1987 da 1988. Wata mata ta zo masa da neman rabin kyanwarta da ya ɓata, rabin baya, alhali rabin gaban na yawonsa lafiya lau. Sai kuma ya lura ana zuba masa kuɗi a banki bai san mai zubawa ba, ya yanke shawarar lallai wani ya ɗauke shi aiki, don haka ya kama bin wani mutum da ya gani a titi. Akwai karkanda a ciki. Zaren sun fara kusantar juna ke nan, sai farar takarda. Babu wanda zai gaya maka inda rabin kyanwar nan ya shiga. Shi kansa Adams ya faɗa a hira cewa yana ganin dabarun da ke cikin labarin sun fi dacewa da littafi na shida na Hitchhiker's, wato da ya yi tsawon rai watakila da ya warware shi gaba ɗaya ya sake ɗinki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin wani gajeren rubutu ne da mutane ba su cika ambata ba. Akwai wani tsohon marubucin barkwanci na Ingila, P. G. Wodehouse, wanda Adams ya ɗauka a matsayin ubangida. Wodehouse ya mutu a 1975 yana tsakiyar rubuta wani littafi, aka buga shi a 1977 yadda ya bar shi, da sunan Sunset at Blandings. Daga baya aka roƙi Adams ya rubuta wa wani sabon bugu gabatarwa, kuma wannan gabatarwa tana cikin littafin da ka saya. A ciki ya bayyana yadda Wodehouse ke aiki: yakan manna shafuka a bangon ɗakinsa, wanda ya yi kyau ya ɗaga shi sama, wanda bai nuna ba ya bar shi ƙasa, ya yi ta gyara har sai duk sun hau. Sai Adams ya ce rashin kammalar littafin ba a tsayawar labarin kaɗai yake ba, jimlolin da aka riga aka rubuta ma ba su kammala ba, don mai su bai samu ya bi ta kansu ba. Mutum ya rubuta wannan a kan ubangidansa, bai san ba da jimawa ba za a ɗauki maganar a sa ta cikin nasa littafin da bai kammala ba. Duk wanda ya karanta wannan gabatarwa kafin ya isa labarin ƙarshe ba zai ce an cuce shi ba, don marigayin da kansa ya gaya masa yadda ake karanta irin wannan rubutu.

Kuma maganar ta fi shafar Adams fiye da kowa, don barkwancinsa a ginin jimla yake. Yakan ɗauko ka a hankali kamar zai faɗi abin da kowa ya sani, sai kalmar ƙarshe ta juya komai. Irin wannan ba ya fitowa a zama ɗaya. An san shi da wahalar rubutu da saɓa wa'adi, har ta kai a 1984 editansa ya tsare shi a ɗakin otal a Landan sai da ya gama littafi na huɗu. Mai irin wannan hali, abin da ya bari a kwamfuta ɗanye ne, kuma za ka ji ɗanyantakar a wasu shafukan.

Daɗin littafin na cikin ƙananan rubuce-rubucen. Akwai wanda ya yi a kan girman hancinsa. Akwai wanda yake koya wa Amurkawa yadda ake dafa shayi, yana cewa ba ƙin shayi suke ba, ba su taɓa shan na kirki ba ne. Akwai labarin tattakin da aka yi zuwa dutsen Kilimanjaro don tara kuɗin kare karkanda, inda shi ma ya sa kayan karkanda a cikin zafin rana. Akwai ƙorafinsa a kan tarin cajoji da wayoyin wuta da kowace na'ura ke zuwa da nata, ƙorafin da duk mai wayar hannu a yau zai sa wa hannu. A nan ne kuma za ka ga maganarsa da ta fi yawo: abin da ka tarar a duniya ranar da aka haife ka daidai ne a wurinka, abin da aka ƙirƙiro kana tsakanin 15 da 35 abin sha'awa ne har ka nemi abinci da shi, wanda kuwa ya zo bayan ka wuce 35 ɓarna ce. Ni da na haura wannan shekarun, kullum na ji kaina ina zagin wata sabuwar manhaja sai na tuna da shi. Wasu rubuce-rubucen na kwamfuta sun tsufa, ka wuce su ba laifi, ko da yake mutumin ya hango nesa: a 1999 ya kafa h2g2, kundin sani da jama'a ke rubutawa da kansu a intanet, kafin a kafa Wikipedia a 2001.

Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu. Adams bai yarda da samuwar Allah ba, kuma bai ɓoye ba. Akwai hira guda da jawabi guda a littafin da suka tsaya a kan wannan, sannan an rufe littafin da makokin da abokinsa Richard Dawkins ya rubuta, masanin kimiyya wanda shi ma an san shi da rashin yarda da samuwar Allah. Babba mai hankalinsa zai karanta ya san abin da ya ɗauka da abin da ya bari. Amma ba littafin da zan miƙa wa ƙanena ɗan sakandare in juya baya ba ne.

Sai tambayarka ta biyu, ko ya dace a buga. Ni a wurina abin dubawa shi ne wasiyya. Ɗauki Terry Pratchett, wani gwanin barkwancin na Ingila, wanda ya rasu a watan Maris na 2015 bayan shekaru yana fama da wani nau'in cutar mantuwa. Shi ya ga abin na tafe, ya bar umarni a lalata duk abin da bai gama ba. A watan Agusta na 2017 mataimakinsa Rob Wilkins ya ɗauki ma'ajiyar kwamfutarsa ya sa a ƙarƙashin tsohuwar motar daɓe titi aka bi ta kanta. Masoya sun ji zafi, amma amana ce aka sauke. Da aka fitar da wani tarin labaransa a 2023, ba daga wannan ma'ajiya aka ɗauko ba, labarai ne da shi da kansa ya buga a jarida tun kafin ya yi suna, yawancinsu da sunan aro. Ka kwatanta da Gabriel García Márquez, marubucin ƙasar Kolombiya, wanda 'ya'yansa suka buga littafinsa na ƙarshe a 2024, shekara goma bayan mutuwarsa, suka kuma amsa da bakinsu cewa ya ce a lalata shi. Wannan kam ban ga yadda zan kare shi ba, ko da littafin ya yi kyau.

Na Adams ya faɗo tsakiya. Mutuwa ta zo masa ba shiri. Mafi yawan abin da ke cikin littafin ya riga ya fita duniya da saninsa, an tattaro su wuri ɗaya ne kawai. Guntun labarin ne kaɗai abin tuhuma, kuma abin da ya sa na yafe musu shi ne ba su sa wani ya ƙarasa ba. Sun faɗi yadda suka harhaɗa shi, suka bar shi ya tsaya inda mai shi ya tsaya. Abin da ban so ba shi ne yadda aka ɗora sunan guntun labarin a bango, wanda ke sa mai saye ya zaci cikakken labari zai samu. Wannan dabarar kasuwa ce, kuma ita ce ta kama ka.

Inda na fi samun damuwa shi ne 2009, lokacin da wani marubuci mai suna Eoin Colfer ya rubuta littafi na shida na Hitchhiker's da izinin iyalin. Hujjar da aka bayar tana da ƙarfi: littafi na biyar ya ƙare cikin baƙin ciki, Adams ya ce a shekarar ƙunci ya rubuta shi, yana son ya dawo ya rufe labarin da fara'a. Colfer marubuci ne mai iyawa, ya kuma yi ƙoƙari. Sai dai kana karantawa kana jin mutum ne ke kwaikwayon muryar wani, kuma guntun nan da ba a gama ba ya fi shi kama da Adams nesa ba kusa ba.

Don haka ka nemi The Hitchhiker's Guide to the Galaxy na farko, siriri ne, ba zai ci maka lokaci ba. Idan shafi talatin na farko ba su sa ka murmushi ba, to mutumin ba naka ba ne, ba kuma laifinka ba ne, barkwancin Ingilishi ba kowa yake shiga ba. In ya shige ka, ka bi da na biyu, sannan ka nemi Last Chance to See na 1990, wanda ya rubuta tare da masanin dabbobi Mark Carwardine bayan sun zaga duniya neman dabbobin da ke dab da ƙarewa. Shi ne wanda Adams ya ce ya fi alfahari da shi, kuma ni ma shi na fi so. Sun je Zayar, wato Kongo-Kinshasa ta yau, neman farar karkandar arewa, wadda namijinta na ƙarshe ya mutu a Kenya a 2018, sun je kogin Yangtze na Sin neman wata dabbar ruwa da masu bincike suka neme ta a 2006 ba su ga ko ɗaya ba. Bayan wannan ka karanta Dirk Gently ko da na farko ne, don ka san halin mutumin kafin a kawo masa maganar rabin kyanwa. Daga nan sai ka sauko da wanda ka saya, ka fara daga shafin farko, kada ka tsallaka zuwa ƙarshe.