Amsa ga ɗalibina kan ɗora mai shanyewar ɓarin jiki a injin tafiya

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya ɗora dattijon da aka kawo mana makon jiya a kan injin tafiya tunda 'ya'yansa sun matsa maka lamba, kuma ka ce in gaya maka saurin da za ka fara da shi. Da na so in ƙyale ka, domin mai tambayar sauri tun kafin ya ga yadda majinyaci yake tsayuwa ya ɗauka injin ne yake warkarwa, amma tambayarka ta tayar mini da wani tsohon miki.

Shekaru da dama da suka wuce aka kawo mini wani tsohon direba, wata biyu bayan jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, ɓarinsa na hagu ya shanye. Ranar farko na auna masa mita 10 a ƙasa, ya ci su a daƙiƙa 30 da sanda a hannu, wato bai kai mita 0.4 a daƙiƙa ba, saurin da masu sana'armu suke ɗauka a matsayin na wanda tafiyarsa ba ta wuce cikin gida ba. Na ɗaura masa ɗamarar da take rataye a saman injin, ta ɗauke masa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, ni kuma na zauna a ƙaramar kujera gefen bel, wato shimfiɗar injin mai juyawa da ake takawa, hannu ɗaya a diddigensa, ɗaya a bayan gwiwarsa, ina ɗaga masa ƙafar ina ajiyewa taku bayan taku har bayana ya riƙa yin tsami. Wata huɗu muka yi a haka, ina rage abin da ɗamarar take ɗauka kaɗan-kaɗan, har ya kai yana cin mita 10 ɗin nan a daƙiƙa 14.

Babban ɗansa shi ne mai kawo shi. Mutum ne mai ladabin baki, kullum yana tambaya, kullum wayarsa tana ɗaukar bidiyo, ni kuwa ina ta bayani ina jin daɗi cewa na sami mai kula da mahaifinsa. Kuɗin wata biyu na ƙarshe ya ce in yi haƙuri, na yi. Sai kawai suka ɗauke ƙafa. Ashe ya je ya sayo injin motsa jiki irin na masu lafiya, wanda ba shi da ɗamara, kuma yake tashi da saurin da ya fi ƙarfin ƙafar da ta shanye, ya ajiye a gida ya ce ai ya ga duk abin da nake yi. Ko igiyar nan da ake maƙala wa a riga don injin ya tsaya idan mutum ya zame ba su maƙala ba. Yatsun ƙafar hagu suka ja bel, domin har lokacin tafin ƙafarsa bai gama ɗaguwa da kansa ba, injin ya kwashe shi ya yar, ƙashin ƙugunsa ya karye a ɓarin da ba shi da ƙarfi. Bayan tiyata bai sake tafiyar kirki ba. Ɗan kuwa ya bi mutane yana cewa ni na ba su shawarar sayen injin, ya kuma riƙe mini haƙƙina har yau. Mutum uku da suke zuwa wurina suka daina zuwa saboda wannan magana, kuma ban taɓa samun wanda ya dawo ya ce an yi mini ƙazafi ba.

Ku yaran yanzu kuna ganin na'ura sai jikinku ya ɗauki rawa. A shekarar 2011 an wallafa wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum 408 masu wannan lalura, aka gano cewa horon injin tafiya da ɗamara bai fi atisayen da likitan gashin ƙashi, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi, yake zuwa gida ya yi da majinyaci ba, idan aka duba su bayan shekara ɗaya. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da take tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2017 kuma ya nuna cewa injin yana ƙara sauri da juriya ga waɗanda suka riga suka fara tafiya da kansu, amma bai ƙara wa wanda ba ya tafiya damar ya fara ba. Amfaninsa shi ne yawan maimaita taku a wuri ɗaya inda idonka da hannunka suke kai wa ga ƙafar.

Awon hawan jini da bugun zuciya kafin a hau da bayan an sauka ka riga ka san shi, ba zan ɓata bakina a kai ba. Abin da nake so ka duba a dattijonka shi ne gwiwa: idan tana faɗawa baya da ƙarfi duk lokacin da ya taka, injin zai maimaita masa wannan kuskure sau ɗaruruwa a zama ɗaya, sai ka gyara shi ko ka sa masa takalmin roba mai riƙe idon sawu tukuna. Idan ka ga ya ƙanƙame ƙarfen gefe har kafaɗarsa ta ɗaga, hannunsa ne yake tafiyar, rage sauri. Kowane zama kuma ka ƙarasa shi a ƙasa, da juyawa da tsallake abu, domin daɓen gidansa ba zai motsa masa ba.

Gobe ka zo da agogon awo, ka shata mita 10 a baranda, ka kawo mini daƙiƙoƙinsa kafin ka taɓa makunnin injin. Idan kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan ya fito da waya zai ɗauki bidiyo, ka turo mini shi.