Mene ne "nabshu", kuma duk wanda ya tone kabari la'ananne ne?

Tambaya: Malam, zaizayar ruwa ta cinye gefen maƙabartar garinmu har likkafani ya fara bayyana. Mun so mu kwashe gawawwakin, sai wani ya ce wannan "nabshu" ne, mai yin sa la'ananne ne. Mene ne asalin kalmar, kuma mene ne hukuncin?

Amsa: Da sunan Allah. Nabshu Larabci ne, ma'anarsa tono abin da ke binne a fito da shi, ko da saiwar tsiro ce. Daga nan aka samo "nabbashi", wato mai bin dare yana tone kaburbura don ya saci likkafani. Mutanen Madina kuwa "mukhtafi" suke ce masa, kuma da wannan sunan tsinuwar Annabi (SAW) ta zo a Muwaɗɗa, littafin Imam Malik. Imam Malik ya ce a yanke hannunsa idan abin da ya fitar ya kai nisabi, wato mafi ƙarancin ƙimar da ake yanke hannun ɓarawo a kanta, domin kabari ma'ajiya ce ga abin da ke cikinsa kamar yadda gida yake. Abu Hanifa bai ga yankewa ba, amma kowa ya yarda haramun ne. Masu tone kabari yau don cire sassan jiki su kai wa matsafa, laifinsu ya fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Asali dai tone kabari haramun ne. Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Shehu Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ce kabari habusu ne, wato waƙafi, ba a takawa, ba a tonewa matuƙar mai shi yana ciki, sannan ya togace wurare: likkafanin da aka ƙwace, ko filin wani da aka binne mamaci a ciki ba da yardarsa ba, ko dukiyar da aka manta a ciki.

To idan dukiya ta halatta tonowa, ina ga mutuncin mamacin kansa? Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa, shahidin Uhudu, bayan wata 6, don ransa bai kwanta da an haɗa shi da wani a kabari ɗaya ba. Ya same shi kamar ranar da aka sa shi, in ban da ɗan sauyi a kunnensa. Bukhari ya ruwaito wannan. Uzurinku ya fi nasa ƙarfi, domin barin gawar Musulmi ruwa ya ja ta, ko karnuka su kai gare ta, shi ne wulaƙancin da shari'a take gudu.

Don haka ku kwashe su, tsinuwar ba ta shafe ku ba. Ku sanar da iyalai da hukuma, ku zaɓi dattawa amintattu, a kange wurin daga 'yan kallo da masu ɗaukar hoto a waya. A tona a hankali kada fartanya ta taɓa ƙashi, a naɗe kowa a ƙyalle mai tsabta shi kaɗai, a binne shi yana fuskantar alƙibla. Ba a sake wanka ko salla. Kabarin da ruwa bai yi wa barazana ba, a bar shi. Wallahu a'alam.